Ƙullutu a wuyan yaro: Abin da likita ke dubawa kafin a sa wuƙa

Yawanci a wajen wanka ake fara ganinsa. Uwa ta ɗaga haɓar yaronta za ta cuɗa masa wuya, sai yatsanta ya ci karo da wani ɗan ƙullutu kamar ƙwan tattabara, sumul, babu zafi babu ciwo. Yaron ko a jikinsa, wasansa yake yi, abincinsa yake ci. Kaka ta ce kaluluwa ce, za ta baje da kanta. Maƙwabciya ta ce maƙoƙo ne ke son fitowa. Aka bar shi.

Bayan 'yan watanni yaron ya kamu da mura, sai ƙullutun ya tashi, ya yi ja, ya ɗauki zafi. Mai kemis ya ba da kafso, ya sauka. Da sanyi ya zagayo ya sake tashi. A karo na uku sai a yanke shawarar cewa maruru ne ya nuna, a aika a kira wanzami. Da aska ta taɓa wurin sai wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa ya fito, kowa ya yi hamdala an rabu da ƙaya. Amma wurin ba ya rufewa. Ɗan rami ya zauna a tsakiyar wuya yana tsiyaya, ya bushe mako biyu ya dawo, yana ɓata wuyan riga har yaron ya shiga makaranta abokai su fara tsokanarsa.

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro da likitocin tiyatar yara sun saba da wannan labari. Abin da aka tsaga ba maruru ba ne. Jakar ruwa ce da yaron ya zo duniya da ita, tana da reshe da ya nutsa can ciki, kuma tsagar da aka yi ta ƙara wa aikin cire ta wahala. Irin waɗannan jakunkuna ba su da yawa, shi ya sa ake yawan yi musu gurguwar fahimta, a gida da ma a ƙananan asibitoci. Sai dai gane su ba wani abin tsafi ba ne. Galibin amsar tana cikin tambayoyi uku: a ina ƙullutun yake zaune, tun yaushe, kuma yaya yake motsi.

Ba kowane ƙullutu ba ne

Kafin hankalin iyaye ya tashi, a sani cewa mafi yawan ƙullutun da ake ji a wuyan yara kaluluwa ce. Ciwon maƙogwaro, ciwon kunne, ruɓaɓɓen haƙori, ƙurajen kai bayan kitso ko aski, duk suna tayar da ita, kuma idan abin da ya tayar da ita ya warke sai ta sauka cikin makonni kaɗan. Hangum kuma a gaban kunne da kusurwar muƙamuƙi yake kumbura, da zazzaɓi, yana yawo a tsakanin yaran unguwa.

Wanda likita a Najeriya ba ya taɓa mantawa da shi shi ne tarin fuka, wato tibi. Ƙasar nan tana cikin waɗanda suka fi fama da cutar a duniya, kuma tibi ba a huhu kaɗai take zama ba. Tana kama kaluluwar wuya, su taru su manne da juna, wani lokaci su narke su zama ruwa su fashe, ba tare da yaron ya yi tari ko sau ɗaya ba. A hannu, narkakkiyar kaluluwar tibi tana iya kama da jakar ruwa ta haihuwa sak. Akwai kuma ciwon dajin nan na yara mai saurin girma a muƙamuƙi, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958 yana aiki a Yuganda, ake kiransa da sunansa har yau. Shi cikin 'yan makonni yake sauya kamannin fuska.

Sai an kawar da waɗannan, ko kuma ƙullutun ya nuna wasu halaye nasa na daban, ake juyawa ga abin da aka haifi yaron da shi. Halayen kuwa su ne: guda ɗaya ne tilo, yana wuri ɗaya bai taɓa ɓacewa gaba ɗaya ba, yana da laushi kamar balan-balan da aka cika da ruwa, kuma yana tashi duk lokacin da aka yi mura ya koma idan ta wuce.

Hanyar da ta ƙi rufewa

Don a gane dalilin da ya sa wurin zama yake da muhimmanci, sai an koma cikin mahaifa. Akwai wata tsoka a gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, sunanta tayirod, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke samar da sinadarin da ke tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a wuya ta fara samuwa ba. A tushen harshe take tsirowa, wajen mako na huɗu da shigar ciki, lokacin da mace da ƙyar ta gane ta yi ɓatan wata. Daga nan ta gangaro ta tsakiyar wuya, ta isa mazauninta wajen mako na bakwai, tana barin wani siririn bututu a bayanta kamar sawun tafiya. Zuwa mako na goma bututun ya kamata ya shafe.

A wasu mutane ba ya shafewa duka. Wani ɓangare ya rage, bangonsa yana fitar da ruwa mai yauƙi, ruwan ya rasa mafita ya taru ya zama jaka. Likitoci na kiranta tayiroglosal, wato ta tsakanin tayirod da harshe. Ita ce ta fi kowace jakar haihuwa ta wuya yawa, kusan bakwai cikin kowace goma. Ba lallai a gan ta ranar suna ba. Da yawa sai yaro ya fara tafiya ko ya shiga firamare, wasu ma sai sun zama magidanta sannan ta bayyana.

A nan ya kamata a sauke wa iyaye mata wani nauyi. Ba abin da uwa ta ci ko ta tsallaka da ciki ne ya jawo ba, ba sammu ba ne, ba kuma kambun baka ba. A mafi yawan lokuta ma ba gado ba ne. Ƙofa ce da ta kamata ta rufe tun ɗan tayin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ba ta rufe ba.

Zaro harshenka

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Likita zai zaunar da yaro, ya ɗan ɗaga masa kai, ya ɗora yatsa a kan ƙullutun, ya ce ya haɗiye yawu. Idan ya haura sama ya dawo, to yana da alaƙa da tayirod ko maƙogwaro. Sannan ya ce ya buɗe baki ya zaro harshe iyakar iyawarsa. Idan ƙullutun ya yi tsalle sama tare da harshen, kusan an sami amsa, domin sauran bututun nan yana nan a ɗaure da tushen harshe yana janyo shi kamar igiya. Maƙoƙo yana bin haɗiya amma ba ya bin harshe. Kaluluwa ba ta bin ko ɗaya. Uwa ma za ta iya wannan gwaji a gida, illa dai ƙaramin yaro ba ya ba da haɗin kai, kuma jakar da ta sha kumburi ko tsaga takan manne ta daina motsi, don haka rashin motsin bai wanke ta ba.

Tana zama ne a layin tsakiyar wuya ko ta ɗan karkace kaɗan, galibi a saman zakaran wuya, kusa da wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa kamar kofaton doki da ke ƙarƙashin haɓa. Sunansa hayoyid. A riƙe sunan wannan ƙashi, za mu dawo kansa.

Bayan duba da hannu sai hoton sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Ba ya da zafi, ba ya amfani da hasken da ke cutarwa, kuma shi ne mafi araha. Zai nuna ko ruwa ne a ciki ko tsoka, ɗaki ɗaya ne ko ɗakuna da yawa. Amma akwai tambayar da ta fi duk waɗannan, wadda ya kamata iyaye su tabbatar an amsa ta a rubuce a takardar sakamako: shin tayirod ɗin yaron tana nan a mazauninta?

Dalili kuwa, a wasu yara 'yan kaɗan tayirod ɗin ba ta ƙarasa tafiyarta ba. Ta tsaya a hanya, kuma ƙullutun da ake gani a tsakiyar wuya ita ce ɗungurungum, babu wata a ƙasa. Wanda ya cire ta da zaton jakar ruwa ce ya raba yaron da tayirod ɗinsa kaf. Daga ranar sai shan ƙwayar sinadarin kullum har ƙarshen rayuwa, idan kuma ba a farga ba sai girma ya tsaya, karatu ya ja baya, ana ta neman dalili. Minti biyar na sikanin ke hana wannan. Idan likita ya yi shakka, zai ƙara da gwajin jini don auna aikin tayirod ɗin.

Yanzu mu koma kan ƙashin nan. A da, likitoci suna cire jakar kawai su ɗinke, sai kusan rabin marasa lafiya su dawo da abin ya sake fitowa. A 1920 wani likitan tiyata na asibitin Mayo a Amurka, Walter Sistrunk, ya bayyana hanyar da har yau ake bi: a cire jakar, a haɗa da tsakiyar ƙashin hayoyid, a bi sawun bututun a ɗebo shi da tsokar da ke kewaye da shi har kusa da tushen harshe. Bututun yana manne da ƙashin ne, idan an bar ƙashin an bar saiwa. Da wannan hanya masu dawowa suka ragu zuwa ƙasa da ɗaya cikin goma. Iyaye sukan razana idan sun ji za a yanke ƙashi a wuyan ɗansu, amma rashin tsakiyar wannan ƙashi ba ya hana magana ko haɗiya. A ganina, uban da aka ce za a yi wa ɗansa wannan aiki yana da haƙƙin ya tambayi likita kai tsaye ko za a haɗa da ƙashin. Idan amsar ita ce za a ɗan fasa a matse kawai, gara ya nemi a tura shi gaba.

Wannan ne ma ya sa tsagar wanzami, da sakiya, da ma tsagar gaggawa a ƙaramin asibiti suke da illa. Jakar da ba a taɓa ba tana da bango lafiyayye da likita zai bi ya zare ta ɗungum. Wadda aka fasa ta manne da fata da tsoka, tabo ya rufe sawun, kuma yiwuwar ta dawo bayan tiyata ya ƙaru. Idan ta kumbura ta yi mugunya, abin da likitoci suka fi so shi ne a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ta kama a zuƙe ruwan da allura, a jira makonni wurin ya huce, sannan a yi aikin gaba ɗaya.

Akwai wata da ke zama a wuri ɗaya da ita tana rikita mai dubawa, sunanta damoyid. Ita fata ce ta maƙale a ciki lokacin da ɓangarorin jiki biyu ke haɗuwa a tsakiya, don haka cikinta maiƙo ne mai kauri, wani lokaci har da gashi. Tana da ɗan tauri kamar ƙullin fulawa, kuma yawanci ba ta bin harshe.

Idan a gefe yake

A farkon halitta, gefen wuyan ɗan tayi yana da wasu ninki da tsagogi masu kama da waɗanda kifi ke numfashi da su. Daga cikinsu ake gina muƙamuƙi da kunne da sassan maƙogwaro, ragowar kuma ta shafe. Idan wata tsaga ta bar saura sai a sami abin da ake kira burankiyal. Kusan tara cikin goma daga tsaga ta biyu suke fitowa, kuma mazauninsu sananne ne: gaban doguwar tsokar nan da ta taso daga bayan kunne ta gangaro zuwa ƙashin ƙirji, wadda ke fitowa fili idan mutum ya waiwaya.

Fuska biyu gare ta. Wani jariri za a ga ɗan rami kamar hujin allura a ƙasan gefen wuyansa, yana fitar da ɗigon ruwa mai yauƙi lokaci-lokaci. Ramin ƙarami ne a ido, amma bututunsa yana iya ratsawa ta tsakanin manyan jijiyoyin jinin da ke kai jini ƙwaƙwalwa har ya ɓulla a cikin maƙogwaro. Wanda ya san haka ba zai yarda a zura masa tsinke ko a ɗiga masa magani mai ƙuna ba. Wani kuma babu rami, jaka ce a rufe da ke kwance shiru har sai ya zama saurayi ko ta zama budurwa, ranar da mura mai ƙarfi ta zo sai gefen wuya ya kumbura kamar ƙwan kaza.

Sauran tsagogin su ne suka fi wahalar ganewa. Ta farko tana kusa da kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, takan sa kunne ya yi ta zubar da ruwa alhali dodon kunne lafiyarsa ƙalau, kuma tana maƙwabtaka da jijiyar da ke motsa fuska. Kuskure kaɗan a wajen cire ta sai baki ya karkace. Ta uku da ta huɗu kuma ba ƙullutu suke fara nunawa ba. Yaro ne zai yi ta yin ƙurji mai mugunya a ƙasan wuya, kusan kullum a gefen hagu, a tsaga a wanke, bayan watanni ya dawo a wuri ɗaya. Akwai ɗan rami a can cikin maƙogwaro da ke shigar da ƙwayoyin cuta duk lokacin da aka ci abinci. Ana gano shi ne ta hanyar ba yaron wani farin ruwa ya sha ana ɗaukar hoto, ko a leƙa maƙogwaron da na'ura mai fitila bayan an sa shi barci. Duk yaron da aka tsaga wa ƙurji sau biyu a wuri ɗaya a gefen hagu na wuya, ya cancanci a nemi wannan rami.

Wani abu a gefe: yara da yawa a ƙasar nan suna da ɗan huji a gaban kunne tun haihuwa, kuma mafi yawa ba ya komai har tsufa. Amma idan ya haɗu da rami a wuya da kuma alamar yaron ba ya ji sosai, likita zai so a auna jinsa a kuma yi sikanin ƙodarsa, domin akwai wata lalura ta gado da ke haɗa kunne da wuya da ƙoda.

Tocila a ɗaki mai duhu

Ta uku ita ce ta fi tayar da hankali a ido, domin takan zo da girma tun ranar haihuwa. Sunanta haigiroma. Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran magudanai da ke kwashe ruwan da ya tsatso a tsakanin tsoka su mayar da shi cikin jini. Idan na wuya ba su haɗu da babbar hanyarsu ba, sai su kumbura su zama tarin jakunkuna manne da juna kamar saƙar zuma. Kusan rabi ana ganinsu a wajen haihuwa, kusan duka kuma kafin yaro ya cika shekara biyu. Sun fi zama a gefe can wajen baya, da taushi sosai, ba su da iyaka takamaimai a hannu.

Gwajinta ma mai sauƙi ne. A kashe fitilar ɗaki a manna tocila a jikin kumburin, sai ya haske gaba ɗaya kamar fitilar ƙwai, saboda ruwan cikinsa garai yake. Sauran ƙullutai ba sa haskawa haka.

Haɗarinta numfashi ne. Jini yana iya zuba a cikinta ko ƙwayoyin cuta su shiga, ta ninka girma cikin dare ɗaya ta danne maƙogwaro. Jaririn da ke da irin wannan kumburi idan ya fara numfashi da ƙara, ko ya kasa kama nono, ko harshensa ya turo waje, ba a jiran gari ya waye. Sau da yawa kuma tun a awon ciki sikanin ke nuna ta. Idan haka ta faru, likitoci sukan ƙara bincike domin wani lokaci tana tafiya da wasu lalurorin halitta na zuciya ko na ƙwayoyin gado, kuma ya wajaba a haihu a babban asibitin da ke da masu iya buɗe wa jariri hanyar numfashi nan take. Ba haihuwar gida ba ce.

Ba kullum ake yi mata tiyata ba. Idan ɗakunanta manya ne, ana zuƙe ruwan a zuba wani magani da ke sa bangon ya manne ya motse, irin su biliyomaisin, ana maimaitawa sau da dama. Masu ƙananan ɗakuna da suka kutsa cikin harshe da tsoka su ne masu taurin kai.

Kada a rikita ta da wani ƙullutu mai tauri da ke fitowa a cikin doguwar tsokar gefen wuya makonni biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, jaririn yana karkatar da kai gefe ɗaya. Wannan ba jakar ruwa ba ce, tsokar ce ta ɗaure, kuma gashi da motsa wuya a hannun masu gyaran gaɓoɓi na asibiti ke warkar da mafi yawansu.

Akwai kuma waɗanda likita zai iya gama aikinsa bai ga fiye da ɗaya ko biyu ba. Ɗaya daga ragowar tayimos take fitowa, wata tsoka mai horar da sojojin jiki wadda ita ma daga wuya ta gangara zuwa ƙirji. Ta fi zama a hagu, kuma sau da yawa jelarta tana cikin ƙirji, shi ya sa takan ƙara fitowa idan yaro yana kuka ko yunƙuri. Wata kuma ɓangaren hanyar iska ce ta ɓalle ta zauna a ɗan kwarmin nan na saman ƙashin ƙirji. Irin waɗannan, duk ƙwarewar mai hoto, galibi sai an cire an duba bangonsu a madubin ɗakin gwaji ake sanin sunansu na gaskiya.

Kada a fara da mai tsada

Iyaye da yawa, musamman a manyan birane, sukan kai kansu wajen hoton CT ko MRI tun kafin ƙwararre ya taɓa wuyan yaron, su kashe kuɗin da ya isa tiyatar. Tsarin da ya dace shi ne tarihi, sai duba da hannu, sai sikanin. Ana zuwa ga manyan hotunan ne idan jakar babba ce, ko ta nutsa, ko ana zaton ta shiga ƙirji, ko an taɓa yin aiki ta dawo, domin likita ya ga iyakarta da jijiyoyin da ke kewaye. CT yana da hasken da ba a so yara su sha ba dalili. MRI ba shi da wannan, amma yana ɗaukar lokaci kuma ƙaramin yaro sai an sa shi barci.

Zuƙo ruwan da siririyar allura don a gwada shi yana da amfani idan ana shakkar tibi ko ciwon daji. Ana iya sa abin da aka zuƙo a na'urar GeneXpert, kuma gwaji da maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Abin da ba a so shi ne a yanki wani ɓangare na ƙullutun a bar saura da sunan gwaji kafin a san mene ne.

Ga manya kuwa lissafin ya juya. Mutumin da ya haura shekara 40 ya wayi gari da jakar ruwa a gefen wuya, ba a cewa ta haihuwa ce sai an tabbatar ba daji ba ne. Ciwon dajin bayan hanci, da na tushen harshe, da na cikin maƙogwaro, da na tayirod, duk suna iya aiko da saƙonsu na farko zuwa kaluluwar wuya, ta narke ta yi kama da burankiyal a hoto, alhali asalin ciwon yana ɓoye bai fara damun mai shi ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar a 2017 sun ce duk ƙullutun wuyan babba da ya kai mako biyu ba tare da alamar ƙwayoyin cuta ba a ɗauke shi da muhimmanci, kuma kasancewar ruwa a cikinsa ba hujja ba ce ta cewa lafiya lau ne. Mai shan taba, ko mai dashewar murya, ko wanda hancinsa ke toshewa gefe ɗaya yana haɓo, ya fi kowa buƙatar a leƙa masa hanci da maƙogwaro da na'ura.

Ina za a nufa, da me za a tafi

Sashen kunne da hanci da maƙogwaro ko na tiyatar yara ake nema. Asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano da Ibadan da Legas, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, duk wurare ne da ake samun waɗannan ƙwararru. Takardar turawa daga asibitin kusa da gida tana rage yawo.

Abin da iyaye za su riƙo wanda ya fi amfani shi ne labari daidai: yaushe aka fara gani, sau nawa ya tashi, me ya tayar da shi, wane magani aka sha. A riƙa ɗaukar hotonsa da waya duk lokacin da ya kumbura, a ajiye murfin kwalba a gefensa don a ga girman, domin sau da yawa ranar ganin likita ya riga ya sauka. Idan an taɓa kai shi wajen wanzami ko an shafa masa wani abu, a faɗa. Likita ba alƙali ba ne, yana so ne ya san irin tabon da zai tarar a ciki.

Bayan tiyata, abin da aka ciro ana aika shi ɗakin gwaji, sakamakon yakan ɗauki makonni. Iyalai da yawa da zarar an cire zare sun ga wuri ya warke sai su koma gida ba su sake waiwayar takardar ba. Ita ce ke tabbatar da sunan abin da aka cire. Kusan ɗaya cikin ɗari na jakunkunan tayiroglosal ana samun ɗan ciwon daji a bangonsu, mafi yawa a manya, irin wanda ke jin magani sosai idan an san da shi. Ranar sallama a tambayi ranar da sakamakon zai fito da ofishin da za a karɓa, a kuma ajiye kwafinsa tare da katin asibitin yaron.